Tsohuwar Wayar Manya ko Sabuwa Mai Sauƙin Kuɗi?

(Kiɗan buɗe shiri)

   Yau maganar waya za mu yi, wayar hannu, wadda na san wasunku ma ta cikinta suke jin muryata yanzu haka.

Ga yadda lamarin yake zuwa. Mutum ya daɗe yana tari, ko ya kwashi adashi, ko ya sayar da amfanin gona, ya nufi kasuwar waya, Farm Centre ce ko Beirut a Kano, Banex ce a Abuja, ko kuwa Computer Village ta Ikeja ga mazauna Legas. Ya faɗa wa mai shago abin da ke aljihunsa. Sai mai shago ya ajiye masa waya biyu a kan gilashi. Ɗaya sabuwa dal a kwali, ko ledarta ba a ɓare ba, Tecno ko Infinix ko itel ko Redmi ko ƙaramar Samsung. Ɗayar kuwa ba kwali ba caja, ya goge ta da ɗan ƙyalle har tana ɗaukar ido: iPhone ce ko Galaxy S, irin wadda shekara biyar ko shida da suka wuce sai manya ke riƙewa, yanzu ta shigo a ta hannu, 'yar Landan kamar yadda ake cewa a kasuwa. Kuɗinsu kusan ɗaya. Mai shago ya ce, "Alhaji, zaɓi ya rage naka." To, wacce za a ɗauka?

Ba zan kawo muku farashi ba, domin tun da aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin waya dala yake bi, abin da na faɗa yau kafin mako ya zagayo ya canja. Hanyar lissafi nake so mu riƙe. Duk wanda ya sayi waya, shekarun da suka rage mata yake saya. Darajar da ta yi a ranar da ta fito, wanda ya fara riƙe ta ya riga ya more abinsa. Don haka abin da za ka tambayi kanka game da kowace cikin biyun shi ne: shekara nawa za ta yi min aiki, kuma nawa zan ƙara kashewa a kanta kafin nan?

Bari mu fara ba tsohuwar haƙƙinta, domin tana da shi. Kamfani idan zai ƙera wayarsa ta sahun gaba, ba ya ƙyashin kaya. Ku ɗauki kyamara. iPhone 11, wadda ta fito a 2019, megafiksel 12 ke gare ta. Babbar kyamarar Galaxy S10 ta wannan shekarar ita ma 12 ce. Sabuwar mai sauƙin kuɗi kuwa za ka ga an rubuta 50 ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta, sai ka ɗauka ta ninka su huɗu. Amma ka ɗauki hoton yaro yana wasa bayan magariba, a ɗaki mai ƙwan lantarki ɗaya, da su biyun, ka jera hotunan. A na tsohuwar za ka ga fuskar yaron tas, har zanen hularsa. A na sabuwar sau da yawa fuskar ta dame, bangon ɗaki ya yi tsaki-tsaki. Dalili shi ne yawan megafiksel ba shi kaɗai ke yin hoto ba. Akwai ingancin idon da ke karɓar haske, akwai ingancin gilashin da ke gabansa, akwai wata 'yar na'ura a cikin manyan wayoyi da ke riƙe idon kyamarar kada rawar hannu ta ɓata hoto, sannan akwai ƙarfin ƙwaƙwalwar da ke gyara hoton a cikin ƙiftawar ido. A bidiyo ma bambancin ya fi fitowa fili.

Haka sauri. Ƙwaƙwalwar manyan wayoyin 2019 da 2020 har yau tana gaban ta wayoyi masu araha da yawa da ake ƙerawa yanzu. Ma'adanarsu ma ba iri ɗaya ba ce: manyan wayoyin Android suna amfani da wadda ake kira UFS, mai saurin ɗauko abu da ajiye shi, da yawa daga cikin masu araha kuwa eMMC ce a ciki, wadda ba ta kai ta ba. Yana daga cikin dalilan da suka sa za ka ga waya sabuwa tana gudu a watan farko, da ta cika da hotuna da bidiyon zaurukan WhatsApp sai ta fara jan ƙafa. Ga kuma fuskar wayar da ake iya karantawa a tsakar rana, ga lasifika mai daɗin sauti. Duk wannan gaskiya ne, mai shagon da ya faɗa maka bai yi ƙarya ba.

Sai dai Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Mai shi ne ya san inda ya taɓa faɗuwa da abin da ya taɓa damunsa. Kai da ka tarar da waya a kan gilashi, ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka san sau nawa aka buɗe cikinta ba.

Abu na farko da shekaru ke ci a jikin waya shi ne batir, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a ƙasarmu shi ne rabin waya. Batir kayan ƙarewa ne. Duk cikawa da saukewa ɗaya tana rage masa wani abu da ba ya dawowa. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, shi ma idan yanayi ya yi kyau. Wanda ke cinye cajinsa kullum ya sake cikawa, kafin shekara ɗaya da rabi ya kai 500 ɗin nan. To wayar da ta shekara huɗu ko biyar a hannun mutane fa? Ɗayan biyu ne: ko batirinta na asali ne ya gaji, ko an canja shi, sai kuma a tambaya da wane iri aka canja.

Tun ma yana sabo, batirin manyan wayoyin wancan lokaci bai kai na yanzu girma ba. Na iPhone 11 bai wuce 3,110 a ma'aunin da ake rubutawa mAh ba, na Galaxy S10 kuma 3,400 ne. Sabuwar mai sauƙin kuɗi yawanci 5,000 take zuwa da shi, wasu ma sun fi haka, ga shi ƙwaƙwalwarta da fuskarta ba su da cin wuta sosai. Gaskiya ne iPhone tana da tattalin wuta, ba a auna ta da Android lamba da lamba. Amma ƙaramin batirin da ya tsufa ba zai yi gogayya da babba sabo ba.

Sannan ga zafi, babban abokin gabar batir. Apple ya ce wayarsa an yi ta ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri, da Maraɗi da Damagaram, idan bazara ta kankama a watan Afrilu, ma'aunin zafi haye 40 yake yi. Wayar da ta saba da sanyin Turai ta gama rabin rayuwarta a can, sauran rabin kuma ta zo ta yi shi a aljihun ɗan acaɓa, ko a kan teburin mai shago ƙarƙashin rufin kwano. Ku haɗa da halin da wutar Nepa take ciki. Wanda ke ofis mai janareta ko gida mai sola, wayar da ke neman caji sau biyu a rana ba za ta dame shi ba. Wanda kuwa sai ya kai wa mai caji ya biya, ko yana kasuwar ƙauye tun safe har la'asar, ko yana kan hanya da mota, a wurinsa batir kuɗi ne na kullum, kuma ciniki ne da zai iya wuce shi idan waya ta mutu ana tsakiyar magana.

Na biyu, kuɗin gyara. Fuskar manyan wayoyi irin da ake kira OLED ce, wasu ma gefenta a lanƙwashe yake. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ranar da ta faɗi a kan siminti za ka san tsadarta, domin wani lokaci kuɗin ta asali yakan kusa kamo abin da ka sayi wayar gaba ɗaya. Idan ka ce a sa maka mai araha, launi ya dushe, batir ya ƙara saurin ƙarewa, a wasu wayoyin ma wurin ɗora yatsa da ke cikin gilashin ya daina aiki. Mai sauƙin kuɗi kuwa kowane mai gyara a unguwa yana da gilashinta, kuma ba zai hana ka barci ba. Shawarata a nan ita ce, kafin ka biya kuɗin tsohuwar waya, ka taka zuwa layin masu gyara ka ce, "Malam, gilashin wannan na asali nawa ne, batirinta nawa ne?" Abin da ya faɗa maka ka ɗora a kan farashin, sannan ka sake lissafi. Maganar cewa ba ta jin ruwa kuma, ka cire ta daga lissafin. Gam ne ke tare ruwan, gam kuwa yana tsufa, kuma da zarar an buɗe waya sau ɗaya shi ke nan.

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani, kuma shi ya fi damuna. Waya a yau jakar kuɗi ce. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mai kayan miya da mai shayi da mai nama duk sun koyi karɓar taransifa. Asusun bankinka, lambobin sirrinka, saƙon da banki ke turo maka don tabbatar da cewa kai ne, hotunan iyalinka, duk a cikinta suke. Manhajar da ke tafiyar da waya kuwa kullum ana gano mata ɓaraka, 'yan kutse suna neman ta inda za su shiga, kamfani kuma yana aiko da gyara yana toshewa. Wannan shi ne saƙon sabuntawa da kan faɗo maka, wanda da yawanmu muke turewa gefe don tsoron cin data. Don Allah a daina turewa. To amma kamfani ba ya aiko da gyaran nan har abada. Kowace waya tana da ranar da za a yaye ta.

Ga misalai. iPhone X, ta 2017, ta tsaya a iOS 16. iPhone XR da XS, na 2018, sun tsaya a iOS 18. iPhone 11 kuwa ta samu iOS 26 da ya fito a 2025, wanda ke nuna Apple yana daɗewa yana kula da wayoyinsa, kuma ko bayan ya daina ba su sabuwar manhaja yakan ci gaba da aiko da gyaran tsaro na wani lokaci. A ɓangaren Samsung, Galaxy S10 ta tsaya a Android 12, S20 ta 2020 ta tsaya a Android 13, S21 ta 2021 kuma an yi mata alkawarin sabuntawa huɗu, wato zuwa Android 15. Sai a kan S24, a 2024, kamfanin ya ɗaga alkawarinsa zuwa shekara bakwai, kamar yadda Google ya yi wa Pixel 8 a 2023.

Ranar da aka yaye waya ba ranar take mutuwa ba. Za ta ci gaba da kira, za ta ci gaba da ɗaukar hoto. Abin da ke faruwa a hankali yake zuwa: ɓarakar da aka gano daga baya ba mai toshe mata, sannan manhajoji su fara janye jiki ɗaya bayan ɗaya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6 da 6 Plus, domin ba za su iya hawa iOS 15.1 ba. Manhajojin banki su ma sukan ɗaga mafi ƙarancin abin da suke karɓa. Wanda ya sayi waya tana bakin yaye, wata rana zai wayi gari jikinta lafiya lau, amma abin da ya saye ta dominsa ya ƙi buɗewa.

Kada kuma a ɗauka duk sabuwa ta tsira daga wannan. Da yawa daga cikin wayoyi mafiya araha sabuntawar Android ɗaya suke samu, wasu ko ɗayan ba sa gani, gyaran tsaro ma sai jifa-jifa. Abin ya fara gyaruwa, domin Galaxy A16 da ta fito a ƙarshen 2024, ba ta cikin masu tsada, amma Samsung ya yi mata alkawarin shekara shida. Don haka ita ma sabuwar a tambaya: shekara nawa kamfaninta ya ce zai kula da ita?

Tun da mun shigo kan sabuwar, bari mu faɗi nata aibin, domin araha ba ta ado. A kula da rubutun kwali. Za ka ga an rubuta ram 8, ka duba da kyau sai ka ga 4 da 4 ne aka haɗa. Huɗun farko su ne na gaskiya, huɗun biyu aro ne aka yi daga ma'adana, kuma ba su kai na gaskiya sauri ba ko kusa. Za ka ga idon kyamara uku a baya, alhali ɗaya ne ke yin aikin kirki. Wasu suna zuwa cike da manhajojin da ba ka nema ba, talla tana faɗo maka ko'ina. Waya mai ram 2 ko 3 da ma'adana gig 32, ko sabuwa ce fil, a yau ba zan ba wanda ke sana'a da waya shawarar ya saya ba. Gara ya ƙara haƙuri ya ƙara tari, ya samu aƙalla ram 4 na gaskiya da gig 128.

Amma akwai inda sabuwar ta san mu fiye da tsohuwar. Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma ya mamaye kasuwar Afirka ne saboda ya duba yadda muke rayuwa: gurbin layi biyu, babban batir, kyamarar da aka saita don baƙar fata. Mu mutane ne masu layi biyu, ɗaya na kira ɗaya na data, ko ɗaya na gari ɗaya na ƙauye inda sabis ɗin wancan ba ya kaiwa. Yawancin iPhone gurbin sim ɗaya gare su, na biyun sai irin wanda ake sawa ta manhaja ba tare da kati ba. Daga iPhone 14 zuwa sama ma, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin kati kwata-kwata. Ramin iyafis, Apple ya cire shi tun 2016 a kan iPhone 7, Samsung ya cire a S20, ya kuma cire gurbin mimori a S21. Ga wata da ta shafe mu kai tsaye a nan gidan rediyon: iPhone ba ta kama rediyon FM, sai dai ka saurare mu ta intanet da datarka, alhali yawancin masu sauƙin kuɗin nan za su kamo mu kyauta. Sannan sabuwa tana zuwa da garanti, galibi na shekara guda, da ofishin da za ka kai ƙara, irin su Carlcare ga wayoyin Transsion. Ta hannu kuwa garantinta 'yan kwanakin da mai shago ya ga dama ya ba ka ne.

To ni ina na tsaya? Ga mafi yawan masu sauraronmu, ɗan kasuwa da manomi da direba da ɗalibi, da wanda zai saya wa mahaifiyarsa ko mahaifinsa, sabuwa matsakaiciya ta fi kwanciyar hankali. Aikinsu kira ne da WhatsApp da taransifa da sauraron karatu, abin da suke bukata waya ce da za ta wuni da caji, ta faɗi ta tashi ba tare da ta tsiyata su ba. Tsohuwar ta manya tana da mutanenta. Hajiya, idan ke mai sayar da atamfa ko leshi ko kek ce ta WhatsApp da Instagram, hoton da ke nuna launin kaya yadda yake shi ne shagonki, kyamara mai kyau jari ce a wurinki. Haka matashin da ke ɗaukar bidiyon biki ko yake haɗa shirye-shirye. Su waɗannan tsohuwar za ta iya biya musu bukata fiye da sabuwar, da sharaɗi biyu: kada ta wuce shekara biyu zuwa uku da fitowa, ko aƙalla a tabbatar kamfaninta bai yaye ta ba, sannan a ware kuɗin batir a gefe tun ranar saye.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa da baki ba, wato a gan ni da ita. Ban raina wannan ba, ɗan Adam yana son abin da zai fito da shi cikin tsara. Abin da nake so ƙannena samari da 'yan mata su sani shi ne, masu ha'inci sun san da wannan sha'awar, kuma a kanta suke kafa tarkonsu. Bayan ɗan wannan kiɗa za mu shiga kasuwa tare, mu ga yadda ake duba waya.

(Kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, har yanzu kuna tare da shirinmu na faɗakarwa, muna magana a kan zaɓi tsakanin tsohuwar wayar manya da sabuwa mai sauƙin kuɗi.

A ce ka yanke shawara ta hannun za ka saya. Ka tafi da rana, ka tafi da layinka da cajarka, idan da hali ka tafi da wanda ya san waya. Kada ka yarda da gaggawa. Kasuwannin nan cike suke da mutanen kirki masu tsoron Allah, kuma alamar mai gaskiya ita ce zai tura maka benci ya ce, "Zauna ka duba a tsanake, ranka ya daɗe." Wanda ke ta ce maka wani na zuwa da kuɗi yanzun nan, ka bar wa wanin.

Ka fara da kulle. Waya ta Apple da ke ɗaure da asusun iCloud na wani, ko ta Android da ke ɗaure da asusun Google na wani, ranar da aka goge ta za ta nemi lambar sirrin mai ita na farko, idan babu ta zama kwalba. Ka sa a goge ta gaba ɗaya a gabanka, a kunna ta daga farko, ka shigar da naka asusun da hannunka. Daga nan ka sa layinka ka yi kira, ka kunna data. Wasu wayoyin da suka fito daga Amurka a ɗaure suke da kamfanin sadarwa na can, sai a maƙala musu wani ɗan siririn abu a bayan sim don su karɓi layinmu. Irin wannan yau tana aiki, gobe ka sabunta manhaja ko ka canja layi ta ƙi. Akwai kuma wayoyin da aka ɗauka bashi, na biya kaɗan-kaɗan, waɗanda kamfani ke iya kullewa daga nesa idan wanda ya ɗauka ya daina biya. Shi ya sayar ya tafi, kai kulle ya sauka a kanka.

Ka danna *#06#, wato tauraro, tsani, sifili, shida, tsani. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, ita ce IMEI, shaidar wayar da babu wata mai irinta. Ka gwada ta da wadda ke cikin saitin, da ta jikin kwali idan akwai. Ka shiga bayanan wayar a saitin ka karanta sunanta na gaskiya, domin akwai waɗanda ke ɗaukar injin iPhone XR su sa masa gangar jikin 13 ko 14 Pro. Daga nesa sai ka rantse babbar ce, ido uku reras a baya. Ka buɗe kyamara ka riƙa toshe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya: biyu za ka toshe hoto bai motsa ba, domin ado ne kawai, na ukun ne zai yi duhu. Idan an faɗa maka gaskiya ka saya da saninka a kuɗin XR, wannan ciniki ne. Idan an ɓoye, zamba ce.

Sai fuska. Ka buɗe farin shafi, ka ƙure haske, ka karkata wayar ka duba. Tsohon gilashin OLED yakan riƙe inuwar abin da ya daɗe a kansa, sai ka hango fatalwar madannan rubutu ko alamar batir a jikin farin. Ka nemi siririn layi kore ko ja da ya tsaga daga sama zuwa ƙasa, ka nemi ɗigon baƙi a kusurwa, domin irinsa yaɗuwa yake yi. A wayoyin Samsung da yawa, idan ka danna *#0*# shafin gwaji zai buɗe, ka gwada launuka da taɓawa da lasifika ɗaya bayan ɗaya. A iPhone kuwa, daga iOS 15.2, akwai wuri a cikin bayanan waya da ke nuna tarihin kayan da aka canja, ya kuma faɗa maka idan an sa wanda bai gane ba. Ka gwada Face ID, ka gwada makirfo ta hanyar naɗar muryarka, ka sa caja ka ɗan girgiza igiyar ka ga ko tana yankewa.

Lafiyar batir da iPhone ke nunawa a saitin, ka duba, amma kada ka sallama mata duka, domin akwai masu dabarar da ke sa lambar ta nuna 90 da wani abu alhali batirin ya gama yawo. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kunna bidiyo ko kyamara na minti goma kana kallon yadda cajin ke sauka, kana jin bayan wayar da tafin hannunka. Idan ta ɗauki zafi da wuri, ko cajin yana tsalle, ka ajiye. Idan kuma ka ga murfin baya ko gilashi ya ɗan ɗago daga jikinta, batir ne ya kumbura a ciki, wannan haɗari ne, yana iya kamawa da wuta. A Android ka duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe a cikin bayanan manhaja, za ta nuna maka ko har yanzu ana kula da wayar ko an daɗe da sallamarta.

Na bar magana mafi nauyi a ƙarshe. Mun san abin da ƙwacen waya ya jawo mana a garuruwanmu, mun san gidajen da aka yi zaman makoki saboda waya ɗaya. Wayar da aka ƙwata ba ta da amfani ga ɓarawo sai ya samu mai saya. Duk wanda ya tare ka a bakin titi ko a tasha da waya mai tsada a rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, yana waige-waige, ka san abin da kake shirin sa kuɗinka a ciki. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, haramun ne a addini, kuma idan jami'an tsaro suka bi sawun lambar IMEI, hannun da suka tarar da wayar shi za su fara riƙewa. Ka saya a shagon da ke da mazauni, wanda gobe za ka dawo ka same shi. A rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan shago da lambarsa, da ranar ciniki, da sunan wayar, da lambar IMEI ɗinta cikakkiya, da kwanakin gwajin da aka ba ka. Ko sabuwa ka saya a kwali, ka karɓi rasit ɗin nan, domin da shi garanti ke aiki. Ka ɗauki hotonsa ka tura wa wani ɗan'uwanka ya ajiye maka, takardar kuma ka adana ta a gida tare da kwalin.

Lokacin da aka ɗiba mana ya cika.  

(Kiɗan rufe shiri)